Yadda nake koya wa yara kwatanta firakshin da haɗa shi da kiret ɗin ƙwai

Ranar Laraba bayan isha'i ɗan ƙanwata ya shigo min da littafinsa na lissafi fuska a murtuke, wai malaminsu ya zabga masa jan biro a tambaya biyar cikin shida, shi kuma har da rantsuwa daidai ya yi. Aji huɗu yake a firamare kuma yaron yana da kai, lissafin kuɗi ba ka isa ka cuce shi ko naira biyar ba idan ka aike shi shago. Na karɓa na duba, tambayar farko 1/2 + 1/3, shi kuma ya rubuta 2/5. Wato ya haɗa sama da sama, ya haɗa ƙasa da ƙasa. Na daɗe ina koyarwa a firamare nan Jos, da yamma kuma ina yi wa yaran unguwa lesin a zaure, kuma wallahi babu kuskuren da na fi gani a littafin yara kamar wannan, har 'yan JSS suna yin shi.

Ban ce masa ka faɗi ba. Ce masa na yi, idan mamarka ta ba ka rabin burodi ni kuma na ƙara maka kashi ɗaya cikin uku na wani burodin irinsa, abin da ke hannunka ya fi rabi ko bai kai ba? Ya ce ya fi mana Kawu. Na ce to 2/5 da ka rubuta, rabin biyar nawa ne? Ya ce biyu da rabi. Na ce kai kuma biyu ka ɗauka. Sai ya yi shiru yana kallon littafin, can ya ce ashe raguwa ma ya yi. Daga nan muka fara, kuma abin da na yi da shi a daren shi zan shimfiɗa muku a nan, don iyaye da yayye da masu lesin da yaro zai kawo wa irin wannan aikin.

Kafin a taɓa haɗawa sai yaro ya san aikin lambobi biyun nan, domin kowace da nata aikin. Ta ƙasa tana faɗa maka gida nawa aka raba abin, ta sama kuma tana faɗa maka guda nawa ka ɗauka. 3/4 an raba abu gida huɗu daidai wa daida, ka ɗauki uku. Lambar ƙasa kamar suna ce, sunan yankan, ita ke nuna girmansa. Hausa ma ta riga ta sa musu suna tun kafin zuwan boko, rabi (1/2), sulusi (1/3), rubu'i (1/4) wanda yau muke cewa kwata, humusi (1/5), sudusi (1/6), tumuni (1/8), ushiri (1/10). Idan yaro ya karanta 3/4 da “kwata uku” ya karanta 2/3 da “sulusi biyu” rabin matsalar ta kau, saboda kunnensa zai ji cewa kwata abu ne da ake ƙirgawa kamar mudu ko yadi. Mudu biyu da mudu uku mudu biyar ne, ba wanda ya taɓa cewa mudun ya canza suna don an haɗa. Haka kwata ɗaya da kwata biyu kwata uku ne, 1/4 + 2/4 = 3/4, huɗun nan tana nan yadda take.

Kuma ku matsa wa yaro a kan maganar daidai wa daida ɗin nan. Na taɓa gwada koyarwa da rake saboda yana da gaɓoɓi, sai na ga gaɓar gindi da ta tsakiya da ta kai tsawonsu ba ɗaya ba ne, yara suka fara gardamar wa ya samu babba, sai na bar shi. Takarda ta fi, a yanka dogaye guda huɗu ko biyar masu tsawo ɗaya, a ninke ɗaya gida biyu, ɗaya gida huɗu, ɗaya gida takwas, yaron da hannunsa zai ninke ba kai ba.

Amma abin da ya fi min aiki a duk kayan koyarwa shi ne kwalin kiret ɗin ƙwai, wanda a Jos ba abin nema ba ne, gidajen kaji sun yi yawa, ko wurin mai shayin bakin layi ka tambaya zai ba ka tsoho kyauta. Rami 30 ne da shi, layi biyar kowane layi rami shida, kuma 30 lamba ce mai daɗin rabo. Rabinta 15, sulusinta 10, kashi ɗaya cikin biyar 6, ɗaya cikin shida 5, ɗaya cikin goma 3. Ka tara marafan kwalbar lemo ko tsakuwa ko wake su zama su ne ƙwan, shi kenan ka gama haɗa kayan aiki.

To bari mu fara da kwatantawa, wane ya fi wane. Idan lambar ƙasa ɗaya ce babu wani aiki, 5/8 ta fi 3/8 kamar yadda yanka biyar ya fi yanka uku, wannan ko ɗan aji biyu zai faɗa maka. Inda ake fara zamewa shi ne idan lambar sama ce ɗaya, kamar 1/4 da 1/8. Yawancin yara za su ce 1/8 ta fi girma, kuma kar ka ga laifinsu, shekara uku ana koya musu takwas ta fi huɗu. Ni tambayar da nake musu ita ce, an sayo tsire ƙunshi ɗaya, kana so ku raba ku huɗu ko ku takwas? Babu yaron da ya taɓa ce min takwas. Yawan masu rabo shi ke ƙanƙanta kason kowa, don haka duk lokacin da lambar ƙasa ta ƙaru yankan ƙanƙancewa yake. Da wannan zai gane 3/5 ta fi 3/7, duka yanka uku ne amma na gida biyar sun fi kauri.

Akwai kuma dabarar aunawa da rabi, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta a aji. A ce 3/8 da 4/7. Rabin takwas huɗu ne, uku bai kai ba, ke nan 3/8 tana ƙasa da rabi. Rabin bakwai uku da rabi ne, huɗu ya wuce, ke nan 4/7 ta haura rabi. An gama, ba a ko ɗauki fensir ba. Idan kuma dukansu sun kusa cika ɗaya sai a duba abin da ya rage wa kowace. 5/6 saura 1/6 ta cika, 7/8 saura 1/8 ta cika, kuma mun riga mun san 1/8 ta fi ƙanƙanta, wadda giɓinta ya fi ƙanƙanta ita ce babba, 7/8 ke nan. Yara suna son wannan sosai idan ka kawo musu ita da jarkar ruwa biyu, wacce ta fi kusa da cika.

Sai wanda duk waɗannan dabarun ba sa kama shi, kamar 2/3 da 3/5, duka sun wuce rabi kuma ido ba zai raba maka gardama ba. Nan kiret ke shigowa. Ka ce ya cika maka sulusi biyu na kiret, sulusi ɗaya 10 ne, biyu 20. Ya kwashe, ya cika 3/5, kashi ɗaya cikin biyar layi guda ne mai rami 6, layi uku 18. Ashirin da sha takwas, 2/3 ta fi da ƙwai biyu. Abin da ya yi a nan ba tare da ya sani ba shi ne ya mai da su suna ɗaya, 20/30 da 18/30, kuma duk sirrin firakshin bai wuce wannan ba, sai yankan sun zama girma ɗaya sannan a gwada su ko a haɗa su.

Da zarar ya ga haka sai ka nuna masa yadda ake yi a takarda. Ana iya sauya wa firakshin kama ba tare da darajarsa ta motsa ba, in dai abin da ka ninka ƙasa da shi ka ninka sama da shi. Kamar canji ne, ka ba mai shago ɗari biyar guda ya ba ka ɗari-ɗari guda biyar, takardun sun ƙaru a hannunka amma kuɗin yana nan. 1/2 ita ce 2/4, ita ce 3/6, ita ce 15/30. Ka sa ya ɗora takardun nan da ya ninke ɗaya kan ɗaya ya gani da idonsa layin rabi ya faɗa kan layin kwata biyu. Misalin da ke shiga kan yara da sauri shi ne na makin jarabawa, wani ya ci 7 bisa 10 wani ya ci 13 bisa 20, wa ya fi ƙoƙari? Da yawa za su ce mai 13, sai ka ce su mai da 7/10 bisa ashirin, ta zama 14/20, gardama ta mutu.

Akwai gajeriyar hanya da malamai ke koyarwa ta ninkawa a gicciye. 3/5 da 5/8, ka ninka saman ta farko da ƙasan ta biyu, 3 sau 8 ya ba ka 24 ka rubuta a gefen ta farko, ka ninka saman ta biyu da ƙasan ta farko, 5 sau 5 ya ba ka 25 ka rubuta a gefen ta biyu, 25 ta fi 24 don haka 5/8 ce babba. Hanya ce ingantacciya kuma tana ceton lokaci a jarabawa, amma ni ba na ba yaro ita sai ya iya faɗa min daga ina 24 da 25 suka fito, wato 24/40 ne da 25/40 aka ɓoye arba'in ɗin. Wanda aka ba shi ita da wuri sai ka gan shi yana giccin nan a tambayar haɗawa da ta debewa da ko'ina, saboda hadda ya yi bai san dalili ba.

Yanzu haɗawa. Muka koma kan 1/2 + 1/3 ɗin ɗan ƙanwata. Na ce zuba min rabin kiret da marafan lemo, ya zuba 15. Na ce ƙara sulusin kiret da tsakuwa, ya ƙirga 10 ya zuba. Nawa ke ciki? 25. Cikin nawa? 30. Ya rubuta 25/30. Sai na juya kiret ɗin ta gefen da layukan ke da rami biyar-biyar, na ce layi nawa ne duka, ya ce shida, nawa suka cika, ya ce biyar. Da kansa ya ce Kawu ashe 5/6 ne. Wannan juya kiret ɗin shi ne abin da ake kira ragewa a littafi, raba sama da ƙasa da lamba ɗaya, a nan biyar.

A takarda ba sai an je 30 ba, ana neman ƙaramar lambar da lambobin ƙasa biyun duk za su shiga cikinta ba saura, ita ce LCM ɗin da yara ke tsoro. Hanya mafi sauƙi ga ɗan firamare, ya ɗauki babbar lambar ƙasa ya riƙa ninka ta yana tambaya ko ƙaramar za ta shiga. Ga 2 da 3, uku biyu ba ta shiga, shida ta shiga, to shida ce. Rabi ya koma 3/6, sulusi ya koma 2/6, sudusi uku da sudusi biyu sudusi biyar, 5/6. A gwada 1/4 + 1/6, shida huɗu ba ta shiga, sha biyu ta shiga, 1/4 ta koma 3/12, 1/6 ta koma 2/12, jimla 5/12. Idan yaro ya ninka 4 da 6 kawai ya yi aiki da 24 don Allah kar ka tsawata masa, zai samu 6/24 da 4/24, jimla 10/24, ya rage ta dawo 5/12, hanyarsa ta ɗan fi tsawo ne kawai amma gida ɗaya za ta kai shi. Na sha ganin an soke wa yaro amsa saboda bai bi LCM ba alhali lissafinsa daidai ne, irin wannan ne ke sa yaro ya tsani lissafi gaba ɗaya, kuma abin yana min ciwo.

Kuskure na biyu da za ka sa wa ido, yaro ya canza ƙasa ya manta sama, ya rubuta 1/4 ta koma 1/12. Idan ka ga haka ka mai da shi kan maganar canji, an ba ka canjin ɗari biyar da ɗari guda ɗaya, za ka karɓa?

Kiret yana da iyakarsa, ba ya ba da kwata, domin kwatan 30 bakwai da rabi ne kuma ba a raba rami. Duk tambayar da ke da huɗu a ƙasa sai in sauko da agogon bango. Awa minti 60 ce, rabi 30, sulusi 20, kwata 15, ɗaya cikin biyar 12, ɗaya cikin shida 10, ɗaya cikin sha biyu 5, kuma yaranmu sun saba jin ƙarfe biyu da kwata, ƙarfe uku saura kwata. 1/4 + 1/3 na awa, minti 15 da minti 20, minti 35, dogon hannun agogo ya tsaya kan lamba 7 cikin lambobi 12, amsa 7/12 tana rubuce a fuskar agogon. Kakanninmu ma da haka suka yi ciniki kafin a kawo naira a 1973, sule kwabo 12 ne, sisi kwabo 6 rabin sule, taro kwabo 3 kwatan sule, tsohuwa mai sai da ƙosai ta san sisi da taro kwabo tara ne, wato 1/2 + 1/4 = 3/4, ba ta taɓa riƙe alli ba.

Wani lokaci amsa takan wuce ɗaya sai yaro ya firgita ya ga sama ta fi ƙasa. 3/4 + 5/6, bisa sha biyu 9/12 da 10/12, jimla 19/12. Ka ce masa sha biyu cikin sha biyu abu ɗaya ne cikakke, cire shi saura bakwai, ɗaya da 7/12. Ga masu cikakkiyar lamba a gaba kuma, tela ne malaminmu. Riga ta ci yadi biyu da rabi, wando ya ci yadi ɗaya da kwata uku, yadi nawa za a yanko a kasuwa? A haɗa cikakku tukuna, 2 da 1 uku. Rabi kwata biyu ne, da kwata uku kwata biyar, kwata huɗu yadi guda ne saura kwata ɗaya, ke nan yadi huɗu da kwata. In da tef ɗin awo a gida a ba yaro ya auna a igiya, yadi inci 36 ne, rabinsa 18, kwatansa 9, zai tabbatar da kansa.

Ga yaran da suka ɗan girma, musamman masu zuwa islamiyya, ina kawo musu rabon gado, domin a nan ne suke gane cewa wannan lissafin namu ne tun asali. Kason da aka ambata a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 duk firakshin ne, rabi, rubu'i, tumuni, sulusi, sulusi biyu, sudusi. Abin da malaman gado ke kira asalin mas'ala kuwa shi ne lambar ƙasa ta tarayya da muke nema. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da 'ya'ya har da namiji a ciki, mata tana da tumuni, wanda muke cewa tumunin takaba, uwa sudusi, uba sudusi. Takwas da shida a 24 suke haɗuwa, mata 3/24, uwa 4/24, uba 4/24, jimla 11/24, saura 13/24 na 'ya'ya. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira miliyan 2 da dubu 400 ne, kowane kaso dubu 100 ke nan, mata dubu 300, uwa dubu 400, uba dubu 400, 'ya'ya miliyan 1 da dubu 300. Don koyon lissafi na kawo wannan, rabon gado na gaske wurin malamai ko kotu ake kai shi. Wanda ya haɗa sama da sama ƙasa da ƙasa a nan zai ce jimlar kason mata da uwa da uba 3/20 ce maimakon 11/24, ka ga haƙƙin mutane ya salwanta.

Abu biyu nake roƙon duk mai zama da yaro. Na farko, kafin ya fara lissafi ka sa ya yi ƙiyasi da baki, amsar za ta fi rabi ko ba za ta kai ba, za ta wuce ɗaya ko a'a, bayan ya gama ya gwada amsarsa da ƙiyasin. Wanda ya saba da haka ba zai rubuta 1/2 + 1/2 = 2/4 ya wuce ba, zai tsaya ya ce rabi da rabi ai ɗaya ne. Na biyu, idan ka ga yaro ya gane bayani amma yana maƙalewa wurin neman lambar ƙasa, yawanci taims tebur ne bai zauna masa ba, ka juya bayan littafin rubutunsa yana nan a buge, ku riƙa bi minti biyar kullum, na 2 da 3 da 4 da 6 da 8 su ne aka fi buƙata a nan. Kuma ka yi masa bayanin da Hausa ko da makarantarsu Turanci zalla ake yi, idan abin ya zauna sai ka ɗora masa sunayen Turancin daga baya don jarabawa.

Kar a cika masa tambaya ashirin a zama ɗaya, balle da sanyin Jos da dare yaro yana gyangyaɗi, huɗu ko biyar sun isa. Na bar wa ɗan ƙanwata waɗannan ya yi kafin Asabar, kuna iya ba naku. Da kiret, 1/5 + 1/2 da 2/3 + 1/10, amsoshin 21/30 wato 7/10, da 23/30. Da agogo, 3/4 + 1/6, minti 45 da minti 10, 55/60 wato 11/12. Ba kiret ba agogo, wace ta fi tsakanin 4/9 da 5/8, wannan da aunawa da rabi kawai nake so ya fito da ita, kuma na ce idan ya zo ba amsar kaɗai zan karɓa ba, sai ya zauna ya koya wa ƙanwarsa ta aji uku ta farkon a gabana, da kiret ɗin da marafan.